Filasko: Awo, Lokaci da Cikin da Bai Kamata a Ba Shi Ba

Yawancin itatuwan da ake jiƙawa a sha a ƙasar Hausa, gardamar da ake yi a kansu ita ce ko suna aiki ko ba sa yi. Filasko ba ya cikin waɗannan. Wanda ya sha shi da dare, gari na wayewa zai shaida. Likitan asibiti ma ba ya musu, domin ƙwayar senna da yake rubuta wa majinyaci daga dangin wannan ganyen aka fitar da ita, kuma tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ke kai mutane gadon asibiti game da filasko shi ne awon da aka sha, da yawan maimaitawa, da kuma irin cikin da aka ɗura wa shi.

Sakkwatawa ba baƙin wannan ganye ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta ƙaramin littafi a kan sana, wato sunan wannan ganye da Larabci, ya kuma rubuta wani a kan basir. Ga kuma hadisin Asma'u bint Umais da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya tambaye ta da me take sakin cikinta, ta ce da shubrum, wani tsiro mai sakin ciki da ƙarfi, ya nuna mata cewa wannan mai zafi ne mai tsanani, da ta koma ga sana kuma ya yaba shi. Masu shagunan maganin Musulunci suna yawan kawo wannan hadisi idan suna tallar sanamakki, amma sukan tsaya a wurin yabon. Farkon hadisin kuwa ya rarrabe tsakanin maganin da ke sakin ciki cikin sauƙi da wanda ke wahalar da jiki. Wanda ya dafa filasko cike da tukunya ya sha har ya kasa tashi daga bayan gida, da hannunsa ya mai da shi shubrum.

Da farko a san abin da aka saya. Filaskon da ke fitowa a jejinmu ɗan tsiro ne da ba ya tashi sama sosai, 'yan ganyayensa masu faɗin kai ne a zagaye, kwansonsa kuma shafaffe ne mai lanƙwasa, da ɗan tudu-tudu a tsakiya bisa 'ya'yan. Sanamakki, wanda wasu ke kira filaskon Makka, ganyensa siriri ne mai tsinin baki, kuma shi ne ake kawowa daga Sudan da Masar da Indiya. Dangi ɗaya ne, aikinsu ɗaya, sai dai ƙarfinsu ba ɗaya ba. Ko a cikin iri guda ƙarfin yakan bambanta gwargwadon ƙasar da ya tsiro da lokacin da aka tsinke shi da yadda aka shanya shi. Suna da 'yan uwa biyu da kowa ya sani, tafasa da rai ɗore. Tafasa ba ta da wuyar ganewa, ganye shida ne a reshe, biyu-biyu. Rai ɗore shi ne abin tsoro: ganyensa ya fi girma, yana da wari idan aka murza, kuma 'ya'yansa guba ne ga hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa. A arewacin Indiya an sha rasa yara sakamakon cin ɗanyun 'ya'yansa kafin a gano dalili. Idan aka dake ganye ya zama gari, ba mai iya bambanta wannan da wancan da ido. Don haka gara a sayi ganye da surarsa, mai launin kore-kore, ba baƙi ba, ba warin fumfuna, a adana shi cikin kwalba mai murfi nesa da rana da laima.

Yadda yake aiki a jiki shi ne mabuɗin kusan duk kurakuran da ake yi. Sinadaran da ke cikinsa, waɗanda ake kira senosaid, ba sa yin komai a tumbi, ba sa yin komai a ƙaramin hanji. Haka suke wucewa har su isa babban hanji, inda ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a can suke farfasa su, su fitar da wani sinadari mai ƙarfi. Shi ne ke yin abu biyu a lokaci guda: yana zaburar da tsokar hanji ta riƙa matsawa tana tura kashi gaba, yana kuma hana hanjin tsotse ruwa, har ma ya sa shi zubo ruwa da gishirin jiki a ciki. Wannan tafiya takan ɗauki awa 8 zuwa 12. Mutum ya sha kofi ɗaya bayan la'asar, ya jira har magariba bai ji komai ba, sai ya ce maganin ba shi da ƙarfi, ya ƙara kofi na biyu, wani ma na uku kafin ya kwanta. Tsakar dare duk su isa babban hanji a jere. Mafi yawan murɗar ciki da gudawar da ake ɗora wa filasko daga wannan rashin haƙurin take.

Sai awo, kuma a nan ne tazara take da yawa tsakanin abin da aka sani da abin da ake yi a gidaje. Busasshen ganyen sanamakki mai inganci yana ɗauke da senosaid aƙalla kashi 2.5 cikin 100 na nauyinsa, wato miligiram 25 a kowane giram 1. Abin da babban mutum ke buƙata a yini kuwa miligiram 10 zuwa 30 ne, kuma 30 ɗin iyaka ce, ba mafari ba. Ƙaramin cokalin shayi na murtsukakken ganye yakan kai giram 1 zuwa 1 da rabi. Ke nan rabin wannan cokalin ya isa a fara da shi. A zuba shi a kofi, a zuba ruwan zafi kamar mililita 150, wato ƙaramin kofin shayi, a rufe minti 10, a tace, a sha sau ɗaya kafin kwanciya. Idan aka wayi gari aka yi bayan gida mai laushi ba tare da yunƙuri ba, awon ke nan. Idan bai yi ba, daren gobe a kai shi kusan cokali ɗaya, ba a cike ba. Ba a wuce nan a gida. Abin da ake nema kashi mai laushi ne sau ɗaya ko biyu. Idan ya zama ruwa, awo ya yi yawa.

A kwatanta wannan da abin da aka saba gani: kamun hannu guda a tukunya, a tafasa har ruwan ya yi duhu. Kamun hannu na busasshen ganye yana iya kai giram 10. Ƙwayar senna ta kemis miligiram 7.5 ce, ana shan ɗaya ko biyu da dare. Giram 10 na ganye na ɗauke da ƙarfin ƙwaya fiye da 30. Ko da rabi kawai ya fito cikin ruwan, ba wanda zai yarda ya haɗiyi ƙwaya 15 a zama ɗaya, amma ga shi ana sha a kofin silba hankali kwance, don mai magani ya ce, "Wanga ba ya da illa, iccen Allah na." Iccen Allah ne, babu shakka. Zaƙami ma haka.

Jiƙawa a ruwan sanyi ta fi sauƙi ga ciki. A zuba awon da aka ambata a ruwa mai tsabta tun da safe, a rufe, a bar shi awa 10 zuwa 12, a tace da dare. Masu harhaɗa magani sun daɗe suna fifita wannan hanya don takan rage murɗa. Kwanson ma an fi saninsa da sauƙi a kan ganye. Tafasawa mai tsawo ba ta da wani amfani. Garin da ake damawa a kunu ko nono ko zuma kuwa, shi ya fi komai saurin wuce gona da iri, domin ba a tace komai ba, duk abin da ke cikin ganyen an haɗiye shi. Wanda zai sha gari kada ya kai rabin cokalin. 'Yar citta ko kanumfari da ake sakawa na gyara ɗanɗano, wasu kuma na jin sauƙin murɗa da su, amma ba sa rage ƙarfin maganin. Haɗa shi da wani mai sakin ciki, kamar man zurma ko ruwan alobera, ninka aiki ne a kan hanji ɗaya.

Kwana nawa? Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce kada a wuce mako ɗaya ba da sanin likita ba, ta kuma ce sau biyu ko uku a mako yawanci ya wadatar. Dalilin wannan iyaka yana da kyau a fahimce shi, domin a nan ne mutum ke faɗawa tarko bai sani ba. Babban hanji kamar randa yake: idan aka juye ta ƙaf, sai an ɗauki lokaci kafin ta sake cika. Bayan filasko ya kwashe komai, kwana biyu ko uku na iya wucewa ba a ji bayan gida ba, kuma wannan daidai ne, ba abin da zai fito ne. Sai mutum ya ɗauka ciwon ya dawo, ya sake jiƙawa. Wannan karon ba kashi a hanjin, ruwa da gishirin jiki kawai za su zuba. Cikin gishirin da ake asara akwai fotasiyam, wanda tsoka ba ta motsi sai da shi, har da tsokar hanjin kanta. Idan ya ragu hanji ya yi sanyi, bayan gida ya ƙara tauri, a ƙara awo. Haka ake wayar gari da mutumin da ya shekara ba ya zagayawa sai ya sha.

Wannan ya kawo mu ga wankin ciki, wanda a ganina shi ne tushen ɓarnar. An ɗauka cewa akwai wani datti da ke taruwa a ciki yana jawo kasala da ciwon kai da ƙuraje da raunin mazakuta, kuma sai an wanke shi duk wata ko duk Juma'a. Idan aka sha aka ga majina da ruwa mai launi sun fito, sai a ce ga dattin nan. Majinar nan hanji ne ya fitar da ita don kare kansa daga abin da ke ƙona shi, launin kuma na maganin ne da na ruwan matsarmama da bai samu lokacin sauyawa ba. Sakayau ɗin da ake ji bayan haka na cikin da ba komai ne. Hanjin da ke fitar da bayan gida da kansa ba ya buƙatar wanki. Kuma ba dole ne a zagaya kullum ba: daga sau uku a yini zuwa sau uku a mako duk lafiya ce, muddin yana fita ba wahala. Filasko maganin taurin bayan gida ne na 'yan kwanaki. Ba ya kashe ƙwayar taifod, ba ya maganin maleriya, ba ya wanke shawara daga hanta.

Akwai illolin da ba su da haɗari amma suna tayar da hankali. Fitsari na iya komawa ruwan ɗorawa mai duhu ko ja-ja, saboda wani ɓangare na sinadarin na fita ta ƙoda. Yana washewa kwana ɗaya ko biyu bayan an daina. Abin lura shi ne a garuruwan bakin gulbin Rima, irin su Goronyo da Wamakko, inda tsargiya ba baƙuwa ba ce, jan fitsari na iya zama jini na gaske. Na tsargiya yakan zo a ƙarshen fitsari, kuma ba ya tafiya don an daina shan magani. Idan ido ya yi rawaya tare da duhun fitsarin, wannan maganar hanta ce, a tafi a yi gwaji.

Haɗarin gaske rashin ruwa ne, kuma yanayin Sakkwato ba ya yafe shi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, jiki na zubar da ruwa ta gumi tun kafin a yi maganar gudawa. Awon da mutum zai sha da hunturu ya tashi lafiya, da bazara yana iya kayar da shi. Da azumi abin ya fi muni, ga shi kuma lokacin ne aka fi kukan taurin ciki. Lissafin awa 8 zuwa 12 ɗin nan ba ya barin mafita: wanda ya sha bayan tarawihi, aikin zai fara da hantsi, wanda ya sha da sahur kuma tsakanin azahar da la'asar, duk lokacin da ba damar kurɓar ruwa. Taurin cikin azumi na ƙarancin ruwa ne da ƙarancin ganye. Maganinsa ruwa a rarrabe tsakanin buɗa-baki da sahur, da dabino da kankana da gwanda, da miyar kuka ko kuɓewa, da kwaɗon zogale ko rama, da wake.

Sai masu ciwon zuciya, kuma a nan akwai abin da ya shafi Sakkwato fiye da yawancin wurare. Ciwon zuciyar da ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, mai zuwa da kumburin ƙafa da haki da tari idan an kwanta, yana da yawa a wannan yanki. Wani bincike da aka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, aka buga a 2007, ya same shi a kusan haihuwa 1 cikin 100, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Irin waɗannan mata akan ɗora su a kan Lasix don rage ruwan jiki, wasu kuma har da digoksin don ƙarfafa bugun zuciya. Lasix da kansa yana zubar da fotasiyam ta fitsari. Digoksin kuwa magani ne da tazarar da ke tsakanin awon warkarwa da awon guba ƙarama ce ƙwarai, kuma da zarar fotasiyam ya sauka ƙasa da ma'auninsa na 3.5 zuwa 5 a gwajin jini, awon da ake sha lafiya jiya sai ya zama guba yau: tashin zuciya, amai, ganin abubuwa rawaya-rawaya, bugun zuciya ya rikice, wani lokaci ya tsaya. To maijego ita ce kuma aka fi kai wa filasko, domin taurin bayan gida bayan haihuwa abu ne da ya zama ruwan dare, musamman ga mai ɗinki da ke tsoron yunƙuri, ko mai shan ƙwayar ƙarin jini. Gwaggo ko uwar miji ta jiƙo da kyakkyawar niyya, ba ta san abin da ke cikin ledar maganin asibiti ba. Kunun kanwa ba ya gyara wannan. Gishirin kanwa mafi yawansa sodiyam ne, ba ya mayar da fotasiyam ɗin da aka rasa, sai dai ya ƙara tara wa zuciya ruwa. Duk mai shan digoksin ko maganin sa fitsari ko firednisolon (maganin kumburi), mace ko namiji, kada ya kusanci filasko sai likitansa ya sani.

Mai sikila rashin ruwa na tayar masa da ciwo. Mai ciwon ƙoda, da tsoho, da mai shan lisinopril don hawan jini ko metformin don ciwon suga, gudawar yini ɗaya na iya taɓa musu ƙoda, balle idan aka haɗa da diklofenak ko ibuprofen da ake saye a kemis don ciwon jiki. Gudawa mai tsanani kuma na iya fitar da wasu magungunan kafin jiki ya gama tsotse su, har da ƙwayar tazarar haihuwa.

Akwai kuma cikin da ko cokali ɗaya bai kamata ya shiga ba, kuma abin takaici shi ne cikin da aka fi gaggawar jiƙa wa. Mutum ya kwana biyu ba bayan gida, cikinsa ya kumbura, yana murɗa, yana amai, ko iska ba ta fita. Wannan ba taurin bayan gida ba ne, alamar toshewar hanji ce: ko ƙaba ta shaƙe hanji, ko hanjin ya murɗe, ko wani ƙari ya tare hanya. Filasko zai sa hanji ya riƙa matsawa da ƙarfi a kan ƙofar da ke rufe, ya ƙara zuba ruwa a inda ba mafita, har ya iya fashewa. Haka ciwon da ya fara a cibiya ya koma ƙasan ciki ta dama da zazzaɓi, wanda yake iya zama afendis. Haka mai zazzaɓin da ya haura mako: taifod kan zo da taurin ciki a farkonsa, yana kuma cin bangon ƙaramin hanji har ya yi siriri, kuma hujewar hanji ta taifod na cikin abubuwan da likitocin tiyata a Arewa suka fi yi wa yara da matasa aikin gaggawa a kai. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Rashin bayan gida da ya zo tare da ciwo mai tsanani, ko amai, ko zazzaɓi, ko kumburi, ko ƙabar da ta fito ta ƙi komawa, na asibiti ne a wannan daren, ba tare da an sha komai ba.

Basir sai an yi masa bayani daban, domin sunan ya ɗauki kaya da yawa a bakin mutane. Idan ana nufin tsiron dubura mai jini saboda yunƙuri, ɗan awo kaɗan da zai tausasa kashi na 'yan kwanaki yana taimakawa. Gudawa kuwa ƙara hura shi take, saboda yawan tsugunno da raɗaɗi. Wasu haɗe-haɗen basir da ake talla a mota da lasifika akwai filasko ko danginsa a ciki, shi ya sa mai sha ke ganin aiki nan take ya gamsu. Wanda ya haura shekara 40 ya ga yanayin bayan gidansa ya sauya, yau tauri gobe gudawa, ko jini gauraye da kashi, ko yana ramewa ba dalili, kada ya yi wata shida yana shan maganin basir. Kansar babban hanji da haka take farawa, kuma da wannan sunan take ɓuya har ta yi nisa.

Mai ciki ta bar jiƙon gida gaba ɗaya. Likita na iya ba ta ƙwaya mai awo idan ya ga dama, amma yawanci da laktulos ake farawa, wanda ba ya zaburar da hanji. Gudawa mai ƙarfi da murɗa na iya tayar da naƙuda. Mai shayarwa kuma ɗan kaɗan ne ke shiga nono, kuma a awon daidai ba a saba ganin ya sa jariri gudawa ba, sai dai a awon tukunya ba mai ba da wannan tabbaci. Yaro ƙasa da shekara 12 ba a ba shi sai da umarnin likita. A Ingila tun 2020 aka tsaurara wannan, aka rage yawan ƙwayar da ake sayarwa a kwali ɗaya, aka kuma hana sayar wa 'yan ƙasa da 18 sai ta hannun mai harhaɗa magani. Jariri kuwa ko a cikin dauri kada a saka masa. Jaririn da ke shan nono zalla yana iya yin kwanaki bai yi kashi ba, kuma lafiyarsa lau muddin yana tsotso, cikinsa da laushi, ba ya amai. Jikinsa ƙarami ne, gudawar 'yan awoyi ta isa ta ƙarar da ruwansa. Akwai ma wata illa ta daban ga masu sa nafkin: kashin da ke ɗauke da sinadarin idan ya kwana a jikin fata yana sale ta har ta yi bororo.

Shayin rage ƙiba da rage tumbi da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp da TikTok, da yawansu filasko ne aka sa wa kwali mai kyau. A duba bayan kwalin: Senna, Cassia angustifolia, Cassia senna, Senna alexandrina, duk shi ne. Ba ya rage kitse ko kaɗan, domin abinci a ƙaramin hanji jiki ke tsotse shi, filasko kuwa sai a babban hanji yake farkawa, bayan an gama. Kilo ɗaya ko biyu da sikeli ke nunawa ruwa ne, yana dawowa da an sha. 'Yan mata da amare da ke shan sa kullum tsawon watanni su ne suka fi shiga layin illolin dogon lokaci. Bangon hanji kan yi baƙi, wanda ake gani idan an leƙa da na'ura, ko da yake wannan yana gogewa cikin watanni bayan an daina. An samu waɗanda hantarsu ta kumbura bayan watanni suna shan awo mai yawa. Ƙafa kan kumbura idan aka daina kwatsam, don jiki ya saba riƙe ruwa da gishiri, sai a tsorata a koma. Irin wannan mutum a hankali ake janye shi, ana rage awo mako-mako, an fi so da sa idon likita. Lambar NAFDAC da ke ƙarewa da harafin L a jikin maganin gargajiya kuwa, ma'anarta an duba an ga ba shi da guba a awon da aka rubuta. Ba shaida ba ce cewa yana maganin abin da mai talla ya lissafa.

Idan an riga an sha ya yi yawa, abu na farko a daina, kada a ce bari a ƙarasa abin da ya rage a kofi. A fara mayar da ruwa tun daga zagaye na farko, ba sai jiri ya zo ba. Ledar ORS ɗaya a lita 1 na ruwa mai tsabta, wato leda biyu na fiya wata mai santilita 50, a riƙa kurɓa, kofi ɗaya bayan kowane zagaye, abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. In babu ORS, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin, a lita ɗaya. Wannan haɗin gida ba shi da fotasiyam, don haka a haɗa da ayaba ko dabino ko lemu. Lemon kwalba ba ya maye gurbinsa, sukarinsa ya yi yawa, yana iya ƙara gudawar. Flagyl da tetrasaiklin da ake rugawa a saya ba su da aiki a nan, tunda ba ƙwayar cuta ce ta jawo ba. Yawanci cikin yini ɗaya abin ke lafawa. Idan fitsari ya ɗauke kusan awa 8, ko mutum na faɗuwa in ya miƙe, ko ƙafafu sun saki, ko zuciya na bugawa ba daidai ba, ko an ga jini, ko amai ya hana ruwa zama, sai asibiti, a kuma tafi da ragowar ganyen ko kwalbar. A faɗa wa likita gaskiyar abin da aka sha da yawansa, domin shi zai sa ya nemi gwajin gishirin jini da na ƙoda tun da wuri, maimakon ya tsaya neman kwalara.

Wanda kuma ya sha awon daidai dare biyu ko uku bai ga komai ba, ƙari ba shi ne mataki na gaba ba. A tsofaffi da marasa lafiyar da suka daɗe kwance, kashi kan daskare ya toshe dubura, har ruwa ya riƙa zurara ta gefensa a ɗauka gudawa ce, kuma wannan ta ƙasa ake fitar da shi a asibiti, ba ta baki ba. A wasu kuma sanadin yana cikin abin da suke sha kullum: tramadol, maganin tari mai kodin, ƙwayar ƙarin jini, wasu magungunan olsa da na hawan jini. Ciwon suga da ya daɗe da raunin aikin tayiroid, wanda kumburinsa a wuya ake kira maƙoƙo, su ma suna sanyaya hanji. Muddin sanadin na nan, taurin zai dawo kwana uku bayan kowane jiƙo.